Protopic, man egzema marar kortizon: abin da na gani a jikina da na ɗiyata nan Yamai

Assalamu alaikum ƴan uwa. Maganar Protopic nike son yi, man shafawar nan da likitocin fata ke rubuta ma masu egzema (ciwon fata mai ƙaiƙayi), wanda ainihin maganin da ke cikinshi ake ce ma takrolimus. Ni da ɗiyata duka muna amfani da shi, ita mai 0,03% ni mai 0,1%, kuma in ra'ayina kuke so kai tsaye to magani ne na gaske, ya yi mana aikin da munka daɗe muna nema, amma wallahi ba irin man da za ki ji labarinshi wajen suna ko biki ki aiki yaro ya sawo maki ba ne. Mutane da zarar sun ji an ce babu kortizon (maganin kumburi da ƙaiƙayi da anka saba shafawa) ciki sai hankalinsu ya kwanta gaba ɗaya, su ɗauka ai shi kenan ana iya lafta shi ko'ina kuma ko yaushe, alhali shina da dokokinshi, kuma biyu daga ciki, wato rana da zafi, mu nan Yamai su ne sunka fi ba mu aiki.

Egzemar tamu irin ta gado ce, wadda likita ya ce ma atopik. Gidanmu akwai masu asma, akwai masu atishawa da hawaye da zarar ƙura ta tashi, ya ce duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ita yarinyar tun tana goye take fama, yanzu ga ta har ta shiga lakwal, abin shina kama ta cikin lanƙwasar hannu da bayan gwiwa da wuya, daga baya ya hau fatar ido. A littattafan Turawa ana cewa wurin ja shike yi, to a baƙar fata ba haka ba ne, duhu shike yi ya yi toka-toka ya yi kauri, layukan fata su fito raɗau, shi ya sa wasu ke raina abin su ce ai kaushi ne kawai a shafa mata mai. Uwar da ta kwana kusa da mai egzema ta san ba kaushi ba ne. Cikin dare kina jin ƙarar farce bisa fata, ƙarat ƙarat, yarinya tana barci hannunta na ta aiki, da safe ki ga ɗigon jini ƙanana bisa zanen gado, ga ta ta tashi da fushi don ba ta samu barcin kirki ba. Ni nawa bai kai nata ba, wuya ne inda bakin hijabi ke gogawa in na yi zufa, sai fatar ido da ke kumbura tana saɓa.

Kafin Protopic kortizon ɗin shafawa muke amfani da shi, da ordonas, kuma tsakani da Allah ba ni cikin masu zagin kortizon. In likita ya zaɓi mai ƙarfin da ya dace ya ce kwana kaza ki tsaya, shina aiki da sauri, kuma shi ne dai maganin da ake fara ba mai egzema ko'ina a duniya. Matsalar tana wajen fuska da wuya da fatar ido da matsematsi, inda fata take da laushi, in abin ya riƙa dawowa ana ta maimaita shafawa wata da watanni to fata tana iya sirancewa, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, kusa da ido kuma akwai tsoron hawan jinin ido da yana. Ku dubi fuskokin matan da sunka daɗe suna shafa man ƙarin haske masu klobetazol ko betametazon, waɗanda kortizon ne mai ƙarfi, ko irin mai haɗin magani ukun nan da masu tallan magani ke yawo da shi bisa kai cikin kasuwanni da bakin tasha, kunci ya ƙone, fata ta yi shara-shara, in sun bari kwana biyu fuska ta ɗauki wuta dole su koma. Wannan nike guje ma ɗiyata, shi ya sa ranar da likitan fata ya dubi idonta ya ce "Madam, nan wurin ba za mu ci gaba da kortizon ba, akwai wani," har ajiyar zuciya na yi.

Na tambaye shi mi ne ne shi, don ba ni son shafa ma yarinya abin da ban sani ba, Allah ya saka mashi ya tsaya ya yi mani bayani, sauran kuma na karanta da kaina. Takrolimus daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa anka samo shi, a Japan kusa da dutsen Tsukuba, a 1984. Da farko na sha da na allura anka yi, don mutanen da anka yi ma dashen ƙoda ko hanta, saboda shina danne garkuwar jiki kar ta yaƙi abin da anka dasa. Daga baya anka mai da shi man shafawa, Japan ta fara yarda da shi a 1999, Amurka a ƙarshen 2000, Turai a 2002, kenan ba sabon abu ba ne da ake gwaji kanmu, ya haura shekara 20 ana aiki da shi. Cikin fatar mai egzema sojojin garkuwar jiki ne ke tada hankali, suna sakin abubuwan da ke kawo kumburi da ƙaiƙayi, shi kuma sai ya toshe wani sinadari da ake ce ma kalsinerin wanda ke kunna su, sai su lafa. Bai taɓa ginin fatar kanta, shi ya sa ba ya sa ta sirancewa. Wani abu da ya kwantar mani da hankali, ƙwayar maganin babba ce, fata mai ciwo ce ke barinshi ya shiga sosai, tana warkewa tana rufewa abin da ke shiga shina raguwa, kuma wanda ke kaiwa cikin jini kaɗan ne ƙwarai in an shafa yadda anka ce.

To ga abin da ya kamata kowa ya sani tun kafin ya biya kuɗinshi, shina da raɗaɗi a farko, kuma ba na wasa ba. Takardar cikin kwali ta ce kusan rabin masu amfani da shi suna jin zafi ko ƙaiƙayi a wurin, yawanci cikin sati guda abin ke wucewa. Ni daren farko da na shafa a fatar ido da wuya, minti kaɗan sai na ji kamar na yanka tonka na murza ido da hannun, zafi ne daga ciki, in zufa ta taɓa wurin ko ruwan ɗumi sai ya ƙaru. Daga baya na karanta cewa jijiyoyin fata masu jin zafin barkono su ne shike taɓawa, in sun saba sai su yi shiru. Na gode Allah da na fara a jikina kafin nata, don da ban san zafin ba da kukanta zai sa in jefar da tib ɗin. Ita kam ta yi kuka, "Mama shina cina, shina cina," tana yarfe hannu, kakarta tana daga ɗaki tana faɗa wai wane irin magani ne wannan mai ƙona mata jika, a wanke a kawo man kaɗe. Na ce Inna ki yi haƙuri, likita ya faɗa mani haka za a yi, na ɗauke ta na zaunar gaban fanka ina hura mata wurin ina yi mata tatsuniya har barci ya ɗauke ta. Kashegari ya ragu, kafin sati ya zagayo ita da kanta ke miƙo hannu. Ina da yaƙinin nan ne mutane da yawa ke yada maganin ga, su ce bai karɓe su ba, su koma ma tib ɗin kasuwa mai sanyaya wuri nan take, kuma ba laifinsu ba ne in ba wanda ya gaya masu tun farko. Dabarar da likitan ya ba mu, in wurin ya yi tsanani ya tsattsage a fara kwantar da shi da kortizon na ƴan kwanaki yadda ya rubuta, sannan a shiga Protopic, don fata mai rauni ta fi jin zafin. Amma fa in zafin ƙaruwa shike yi, ko wuri ya kumbura ya yi ƙuraje, wannan ba na jurewa ba ne, a tsaya a koma wajenshi.

Shafawar kanta ba wuya. Fata ta bushe sarai bayan wanka, a wanke hannu, a shafa siriri bisa wurin ciwon kaɗai. Ya gwada mani awo da yatsa, abin da ya fito daga tib daga kan manuniya zuwa gaɓar farko ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu na babba, kenan fatar ido ɗan ɗigo ne kawai. Sau biyu a rana, safe da dare. Yara daga shekara 2 zuwa 15 mai 0,03% ne nasu, kuma bisa takardar sau biyun ba ya wuce sati 3, daga nan a koma sau ɗaya har wuri ya washe. Mai 0,1% na wanda ya kai 16 ne, ƙasa da shekara 2 kuwa ba a ba su. Don Allah kar wata ta ce nata da na ɗanta ai suna ɗaya bari su yi tarayya a rage kuɗi, ni tib biyun ma zare na ɗaura ma nata don kar a rikita da dare in an ɗauke kuran. Ba a ɗaure wurin da bandeji ko leda, ba a bari ya shiga ido ko baki ko hanci, in ya shiga a wanke da ruwa, in an gama kuma a sake wanke hannu sai fa in hannun ne ake ma magani. In sati 2 ya wuce ba wani canji to a koma a sake dubawa.

Inda na ɗan sha lissafi shi ne man jiki da alwala. Mai egzema ba ya rabuwa da man jiƙa fata, vaselin ko man kaɗe mai kyau marar turare, wannan shi ne tushe kuma Protopic bai maye gurbinshi ba. To amma an ce a bar awa 2 tsakaninsu a wuri guda. Ga kuma mai shafawa a fuska alwala tana jiranta, in kinka shafa ana gab da kiran salla kin wanke kuɗinki. Tsarin da ya zauna mani shi ne bayan asuba da wanka in shafa maganin, da hantsi in bi da vaselin, kafin azahar ya riga ya shiga, da dare kuma man jiki tun magariba, magani sai za a kwanta. Ita yarinyar da safe sauran jikinta nike shafe ma mai in tsallake wuraren ciwon, in ta dawo lakwal sannan su samu nasu. Kwalli da hoda na aje su tukuna, humra da turare ba su taɓa wuyana, kayanta kuma ana ɗauraye su sosai don sauran garin sabulu cikin tufa shi kaɗai ya isa ya tada mata ciwo.

Rana kuwa ita ce babbar magana. Dokar maganin ta ce a rage shiga rana muddin ana amfani da shi, a rufe wurin da tufa, a sa man kariyar rana, mu kuma ga inda Allah ya aje mu, daga hantsi har la'asar tana bisa kai kusan duk shekara. Dalilin dokar, maganin shina rage tsaron garkuwa cikin fata, ita kuma rana mai yawa dama tana lahanta fata, ba a son a haɗa biyun. Baƙar fata tana da kariyarta, gaskiya ne, amma likitan bai ce mun kuɓuta ba. Ni hijabi ya rufe mani wuya, ido kuma tabarau mai duhu in zan hau moto ko in shiga kasuwa. Yarinyar ce aiki, riga mai dogon hannu ta auduga marar nauyi, hula mai baki, na kuma tahi har lakwal na roƙi madam ɗinsu lokacin shan iska ta riƙa tsai da ita inuwa. Man kariyar rana mai lamba 50 akwai a manyan farmasi amma shi ma kuɗi ne, kuma wani shina da turare mai tada ƙaiƙayi, a gwada a ɗan wuri tukuna. Sai kuma a lura, tufa mai kauri ko ta roba tana kawo zufa, zufa tana tada egzema, don haka rufewar da mai shan iska za a yi.

Shi tib ɗin kanshi ba ya son zafi, an rubuta kar a aje shi inda ya wuce digiri 25. Mu kuwa Afrilu da Mayu sama da 40 muke wuni, ɗaki mai rufin kwano ma ba a magana. Na tambayi mai farmasi ta ce in sa shi a ƙofar firigo can ƙasa, ba wajen ƙanƙara ba, sai kuma na tarar in ya yi sanyi raɗaɗin ma ya fi sauƙi, sai dai shina ɗan tauri sai an matsa da haƙuri. In kuran ya daɗe bai dawo ba ina sa shi cikin ƙaramin gwangwani mai murfi in aje gindin randa inda ƙasa ke da laima. Kar a bar shi cikin jaka a mota ko bisa taga, in kinka buɗe kinka ga mai ya rabu ya zama ruwa-ruwa ki kai a duba maki kafin ki shafa. Wannan ma wani dalili ne da ba zan taɓa sayenshi hannun mai yawo da magani cikin rana ba ko da kwalin ya yi kama da na gaske.

Akwai maganar da duk wadda ta buɗe intanet za ta ci karo da ita gabanta ya faɗi, maganar kansa, wato ciwon daji. Ni ma gabana ya faɗi. A 2006 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta sa a rubuta babban gargaɗi a takardar takrolimus da ɗan uwanshi pimekrolimus, saboda an samu rahoton mutane ƙalilan masu kansar fata ko ta kaluluwa da ake ce ma limfoma, ga kuma abin da anka sani game da masu shan shi bayan dashe, da gwajin dabbobi da anka ba mai yawa. Amma gargaɗin kanshi ya ce ba a tabbatar maganin ne ya jawo ba. Bayan nan an bi yara kusan 8000 masu shafa takrolimus, wasu har tsawon shekara 10, sakamakon ya fito a 2020, ba a ga kansa ta fi yawa cikinsu bisa sauran yara ba. Na kai ma likitan maganar, bai raina tambayata ba, ya ce shi ya sa ake shafa kaɗan, a wurin ciwo kaɗai, a kiyayi rana, a riƙa dawowa ana dubawa, in kuma na ji kaluluwa ta fito mata a wuya ko hammata ko matsematsi ta ƙi tahiya in kawo ta. Ni dai na auna, ga yarinyar da ba ta barci tana yage fatarta har ƙwayoyin cuta na shiga, ga haɗarin da ba a tabbatar ba kuma ana sa ido kanshi, na zaɓi maganin, kuma ban ga laifin uwar da ta tsaya ta yi tambaya ta sake yi kafin ta yarda ba.

Mai juna biyu, mai shayarwa, wanda garkuwar jikinshi ta yi rauni ko don ciwo ko don magani, da wanda jikinshi bai karɓar magungunan dangin eritromisin da azitromisin, duk waɗannan su gaya ma likita tun kafin ya ɗauki biro. Ba a shafa shi bisa wurin da ya harbu, mai ruwa ko mugunya ko ɓawon nan ruwan ɗorawa, sai an fara maganin wannan. In ƙaranbau ta kama yaro, ko ƙurajen zazzaɓi sunka fito a leɓe, a dakata a tambaya. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne in kinka ga ƙananan ƙuraje masu ruwa iri ɗaya sun fito da yawa lokaci guda bisa wurin egzemar, suna fashewa suna barin ƴan ramuka, ga zafin jiki, wannan asibiti ne a ranar ko da dare ne, musamman in kusa da ido ne.

Ƙanwata da ke aure Tawa ta kira ni, ɗanta ya fito da wani abu a kumatu shina ta susa, wai "Yaya ki sako mani ragowar naku a mota." Na ce a'a, ta ji haushi, amma da ta turo hoto abin zagaye ne mai baki-baki tsakiya a washe, ya fi kama da makero. Mu kuma komi ya fito a fata mai ƙaiƙayi kusan kwando ɗaya muke sa shi, alhali makero da ƙyasbi ƙwayar cuta ce da likitoci ke ce ma mikoz, ƙazuwa kuma ɗan ƙwaro ne ke shiga fata, Protopic bai kashe ko ɗaya, hasali ma in ya danne garkuwar wurin sai makeron ya ɓoye kamanninshi ya ƙara faɗi. Na san Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500, ba kowa ke iya ɗauko yaro don ƙaiƙayi ba, amma ko likitan can ya fara gani ya fi a yi ta shaci-faɗi. Ta kai shi, makeron ne, maganin da anka rubuta mata ma mai araha ne.

Mu kam cikin satin farko susar dare ta ragu, wannan na fara lura da shi tun kafin ido ya ga canji. Sannan kaurin ya fara sauka, fatar idonta ta daina saɓa, lanƙwasar hannu ta yi laushi. Abin da bai tahi da wuri ba shi ne tabo, inda ciwon ya zauna wani wuri ya yi duhu wani ya yi haske, har wata maƙwabciya ta tambaye ni ko man haske nike shafa ma yarinya. Sawun kumburin ne, a baƙar fata shina ɗaukar watanni kafin launi ya daidaita, Protopic ba man haske ba ne, wadda ta saye shi don wannan ta yi asarar kuɗinta. Kuma kar a yaudare ku cewa warkewa ce ta har abada, egzemar gado tana lafawa tana tashi, hunturu na shigowa iska ta bushe ƙura ta tashi sai mu ga alama, haka in bazara ta matsa zufa ta yi yawa.

Abin da ban so ba game da shi kuwa tsada ce kan gaba. Tib ɗin gram 30 kuɗinshi ya isa cefanen gida na kwanaki, ga shi mu biyu ne kowa da nashi, sai dai in ana shafawa siriri yadda anka ce shina daɗewa. Ba kowace farmasi ke da shi ba, wani lokaci sai an yi komand a jira, don haka kar ki bari sai ya ƙare ƙaf. Akwai na wasu kamfanoni da sunan takrolimus kawai waɗanda sunka fi sauƙin kuɗi, a tambayi likita da mai farmasi, a dubi ƙarfin da ranar lalacewa. Ga shi kuma da maiƙo, pomad ce mai nauyi, cikin zafi tana naso a wuya ta ɓata bakin hijabi, ƙura na mannewa. Amma wanda ya fi damuna shi ne takardar ciki Faransanci ce zalla da ƙananan baƙaƙe, uwar da ba ta yi lakwal ba in ba a tsaya an yi mata bayani da Hausa ko Zabarmanci ba to sai dai ta shafa da ka. Masu farmasi don Allah ku riƙa ba mutane ko da minti biyar ne, ku faɗa masu maganar raɗaɗi da rana da awa 2 ɗin nan.

Yanzu inda muke, tunda nata shina tashi sau 4 ko fiye a shekara kuma ya karɓi maganin, likita ya sa mu tsarin riga-kafi, sau ɗaya a rana kwana biyu kawai cikin sati, Litinin da Alhamis, a wuraren da anka san nan shike fara fitowa ko da fata ta yi lafiya, in ya tashi a koma sau biyu a rana, bayan wata 12 kuma a tsaya a duba ko har yanzu akwai buƙata. Ni nawa bai kai ga wannan ba, in na ji fatar ido ta fara tsikari nike shafawa har ta lafa in bari. Randebu ɗinmu na gaba kafin shigowar ɗari ne, ya ce in zo da tib ɗin duka biyu ya ga nawa munka ci, da haka shike gane ko muna shafa fiye da ƙima.